Ana zubar da ni a kowace gasar keke, in taɓa kuɗin lefe in sayi na kabon?

Wannan saƙon wani ƙanenmu ne ya turo daga Kano, na ɗan rage shi saboda yayi tsawo:

"Assalamu alaikum Yaya. Ni tela ne, shekarata 27, shekara biyu kenan ina hawan keken tsere. Kekena na alminiyam ne ɗan gwanjo, giyarsa samfurin Sora ce ta kamfanin Shimano, nauyinsa kamar kilo 10 da rabi. In ni kaɗai ne ina zuwa Wudil in dawo akan gudun kilomita 31 a awa, cikin abokaina babu mai kamo ni. Amma sau uku ina shiga gasa, duk ukun kafin ayi kilomita 30 an wuce an bar ni, ta ƙarshen ma ni na ja gaba tun daga farko har ana min tafi, daga baya ƙafa ta mutu. Na lura duk masu cin gasar keken kabon ne dasu, irin mai tsadar nan mara nauyi da jikinsa ba ƙarfe bane. Yanzu wani zai sayar min da nasa amma sai na taɓa kuɗin lefe, kuma an sa rana bayan babbar salla. Ga Baba kullum faɗa, wai wasan yara nake kuma wandon bai dace da ɗan musulmi ba. Wani abokina kuma yace in riƙa haɗiyar tramol kafin a tashi. Dan Allah Yaya mene ne mafita?"

Wa alaikumussalam ƙanena. Toh kafin komai kuɗin lefen nan ka barsu inda suke, in a banki suke su cigaba da kwana a banki, in a hannun Hajiya ka ajiye ma ya fi, don nasan halin mai son keke, dare ɗaya zaka kwana kana kallon hoton keken a waya da safe ka tashi ka tura kuɗi. Ba wai don aure ya fi keke bane kawai nake faɗa, a'a, don ko ka saya wallahi a kilomita 30 ɗin nan za'a sake barinka, sai dai wannan karon a barka akan keke mai tsada, ga baƙin cikin gasa ga kunyar surukai.

Kai da kanka ka bani amsar a cikin saƙonka baka lura ba. Kace kai ka ja gaba tun daga farko har ana maka tafi. Nan ne wajen. Mutanen da suke bayanka a lokacin ba tsoronka suke ba, hutawa suke, kai kana sare musu iska kyauta su kuma suna shan ruwa suna kallon bayanka suna jiran ka ƙone, da suka ga kafaɗarka ta fara rawa sai ɗaya ya miƙe ya taka, sauran suka bi, shikenan. Nima anyi min haka a gasata ta farko, na dawo gida ina zagin kekena, sai wani dattijo mai gyaran keke da yayi tsere tun zamanin da Raleigh take ƙera keke a Kano ya kalle ni yayi dariya yace yaro kai dai jakin ayari ka zama, ka ɗauko musu kaya har bakin kasuwa suka sauke ka. Ranar naji haushi amma gaskiya ya faɗa.

Abin da yake cin ƙarfin mai keke a shimfiɗaɗɗen titi iska ce. Da zarar ka wuce gudun 30 a awa mafi yawan ƙarfin da kake zubawa, sama da kashi 80 cikin 100, wajen ture iska yake tafiya, ba wajen nauyin keke ko gogar taya ba. Kuma abin ba daidai wa daida yake hawa ba, in kana so ka tashi daga 31 ɗin da kake taƙama da shi zuwa 40 da ake yi in gasa tayi zafi, ƙarfin da zaka buƙata kai kaɗai ya kai ninki biyu. Amma wanda ya laɓe a bayan mutum ɗaya, tayarsa kusa da tayar na gaba, yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, wanda yake can tsakiyar tawaga an kewaye shi ta ko'ina kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, wani lokacin ma sai yaga yana taɓa birki alhali na gaba suna mutuwa. To ka gaya min wane keke ne a duniya zai rage maka kashi ɗaya cikin uku? Babu shi.

Bari muyi lissafin nauyin ma tunda shi ke damunka. A ce kai kilo 65 ne, keke 10 da rabi, jimla 75 da rabi. Kabon ɗin da za'a sayar maka a ce kilo 8 ne, ba zai yi ƙasa da haka sosai ba, hukumar keke ta duniya UCI ma bata yarda keken gasa ya gaza kilo 6.8 ba. Ka rage kilo biyu da rabi kenan, kamar kashi 3 cikin 100 na abin da kake ja, shi ma sai a kan hawa zaka ji shi, in a Jos kake ko hanyar da take da tudu sosai sai in ce toh da ɗan magana, amma Kano zuwa Wudil ina dutsen yake? Masu cin gasar nan ba kabon ne yasa suke ci ba, sun daɗe a harkar ne har suka tara kuɗin kabon, ka musanya musu da naka gobe zasu sake cinye ka. Ka tuna Ese Ukpeseraye, yarinyar nan ta jihar Delta da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, da aka zo tseren cikin fili da keken aro ta hau, tawagar Jamus ce ta ara mata. Abin da ya kai ta Paris yana jikinta ba a jikin ƙarfe ba.

Sannan kabon na hannu yana da wani mugun hali da ba'a faɗa wa mai saye. Alminiyam in ya bugu zaka ga lotsawa da idonka, kabon kuwa zai iya tsagewa ta ciki fenti ya rufe, kana cikin gudu a gangara ko ka faɗa rami ya karye kamar rake, kuma kasuwa cike take da na jabu da aka manna wa sunan manyan kamfanoni. Ni ban ce na mutumin nan haka yake ba, amma meyasa zai sayar?

Yanzu abin da zaka yi. Ka daina fita kai kaɗai kullum, wannan zuwa Wudil ɗin da kake yi akan gudu ɗaya tun daga fita har dawowa ya koya wa jikinka abu ɗaya ne tak, tafiya a 31, ita kuma gasa ba haka take ba, yanzu ana 28 ana hira, yanzu wani ya fizga an koma 45 na minti ɗaya, a lafa, a sha kwana a sake fizga, kuma a irin wannan fizgar ta biyar ko ta shida ake zubar da mutum, ba a gudun tsakatsaki ba. Ka nemi waɗanda suka fi ka, su ɗin nan da suka cinye ka, kaje ka gaishe su ka tambayi ranar da suke fita, yawanci Asabar ko Lahadi bayan asuba ne, kace kana so ka riƙa binsu. Abokanka da kace babu mai kamo ka basu da abin da zasu koya maka, daɗin baki kawai kake samu a wurinsu. Za'a zubar da kai a fitar farko da ta biyu har ta biyar ma, ba komai, kowane mako ka ga ka ƙara nisa kafin a barka.

In ka shiga cikinsu aikinka ɗaya ne, koyon zama a taya. Ka fara da barin kamar tsawon taya ɗaya tsakaninka da na gaba, in hannunka ya faɗa ka rage zuwa rabin taya. Kar ka ƙura wa tayarsa ido, ka riƙa kallon ta saman kafaɗarsa kana ganin abin da ke zuwa, rami ne ko akuya ko ɗan adaidaita da zai yanko ba sigina. Kar ka bari tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya, don in ya ɗan kauce ya goge ka kai zaka sha ƙasa shi ko ji ba zai yi ba, kuma duk na bayanka a kanka zasu zube, yawancin faɗuwar da na gani a tawaga daga nan take. Birki kuma a hankali, shafa shi ake ba damƙa ba, in kaga kana matsowa da yawa ka daina taka feda ko ka ɗan leƙo cikin iska ita zata rage maka gudu. In layi ya zo kanka ka ja gaba, ja na daƙiƙa talatin ko minti ɗaya ka kaɗa gwiwar hannu ka kauce, ba wanda zai baka kofi don ka ja na minti goma. Kuma in ka karɓi gaba kar ka ƙara gudu don a san ka iso, riƙe gudun da ka tarar.

Wani abu da sababbi basa ganewa, bayan tawaga ba wurin hutu bane. Mutum in ya tsorata da cunkoso sai ya koma can ƙarshe yana ganin ya tsira, alhali nan ne wahala take, tawaga kamar roba take, a kowace kwana na gaba sun wuce da gudunsu, na tsakiya sun ɗan rage, na ƙarshe kusan tsayawa yake sannan ya miƙe ya kashe kansa kafin ya kamo, kuma in wani a gabanka ya saki taya ya bar gibi kai ma ka tafi tare da shi ko da kana da ƙarfi. Wurin zama shine cikin goman farko zuwa sha biyar, kana ganin abin da ake ƙullawa amma hancinka baya cikin iska. Kuma wurin baya zaunuwa da kansa, in baka matsawa gaba to baya kake yi don ana ta wuce ka ta gefe.

Ka kuma san daga ina iska take busowa kafin a tashi, ka kalli tuta ko hayaƙin mai shayi. Da hunturu iskarmu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juya ta taso daga kudu maso yamma. In ta gefen hagu take dukanku mafakar ba a bayan mutum sak take ba, tana ɗan bayansa ta dama, in ta dama ce ka koma hagu. Masu wayo a irin wannan wurin suke matse kowa a bakin kwalta su taka da ƙarfi don kar a samu wurin laɓewa, in kaga manyan sun fara matsawa gaba ana dosar kwanar da zata juya ku ga iskar gefe, kar ka tsaya tambaya, bi su.

Sai horon da zaka yi kai kaɗai a tsakiyar mako, tunda ga shago. Kwana biyu kawai na wuta sun isa, a ce Talata da Alhamis. Ranar ɗaya bayan ka ɗumama jiki na minti 15 zuwa 20, kayi minti 4 da ƙarfin da ba zaka iya magana ba sai kalma ɗaya ɗaya, ka huta minti 4 kana juyawa a hankali, sau biyar. Ɗaya ranar kayi daƙiƙa 30 kamar kare ya biyo ka, daƙiƙa 30 sassauci, sau goma, ka huta minti biyar ka sake zagaye ɗaya ko biyu, wannan shine maganin fizgar da nace. Duka bai fi awa ɗaya da kwata ba ka dawo ka buɗe shago. Sauran ranakun tafiyar hira ce wadda zaka iya waya da amarya kana yi, da rana ɗaya da ko kallon keken ba zaka yi ba, don a hutu jiki yake ginuwa, kuma kai da kake wuni kana taka keken ɗinki in na ƙafa ne ka saka wannan ma a lissafi. Lokacin ɗinkin salla da ake kwana a shago kar ka haɗa rashin barci da horon wuta, rage shi kawai. Ka kuma saba da juya ƙafa da sauri a giya mai sauƙi, kamar juyi 85 zuwa 95 a minti, yaranmu suna son babbar giya don a ga ƙwanji, ita ce take kashe cinya da wuri ta kuma ci gwiwa.

Abinci ba shi ya zubar da kai a kilomita 30 ba, lokacin ko awa ba'a yi ba, amma ranar da ka koyi zama a taya ka kai kilomita 70 shi zai kama ka, don abin da jiki ya tara na sukari baya wuce awa ɗaya da rabi in ana wuta. Ka ci abinci sosai awa uku kafin a tashi, shinkafa ko koko da burodi, abin da cikinka ya sani, ba'a fafe gora ranar tafiya. A kan keke kuma ana so ka samu giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari duk awa, ayaba ɗaya matsakaiciya tana da kamar 25, dabino kuma shida zuwa takwas sun kai ka, amma ka nemi mai laushi ka cire ƙwallon tun a gida, busasshen nan ɗan Agadas kana haki kana tauna shi sai ya shaƙe ka. Ka fara ci tun minti 30 da tashi, kar ka jira yunwa. Ruwa aƙalla ledar fiya wata ɗaya duk awa, rabin lita kenan, in zafin Afrilu ne kusan biyu, gora ɗaya ka zuba ORS ko ɗan gishiri da sukari.

Tramol kuwa, ka gaya wa abokin nan naka nace ya ji tsoron Allah. Ba sai na baka labarin abin da ƙwayar nan tayi wa samarin unguwanninmu ba, kana gani da idonka. A keke ma haramtacciya ce, UCI ta hana ta a gasa tun 2019, Nairo Quintana ɗan Kolombiya ya gama babbar gasar keke ta Faransa, Tour de France, ta 2022 a na shida aka soke sakamakonsa saboda an same ta a jininsa, daga 2024 kuma hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya WADA ta saka ta cikin jerin haramtattu a duk wasanni. Ciwo take rufewa, ta kawo jiri da layi, wani har farfaɗiya take tayar masa, ka ɗauki mutum mai jiri ka saka shi tsakiyar mutum arba'in ana gudun 40 taya na kusan taɓa taya, ba kansa kaɗai zai kashe ba. In kana son abin da zai wartsake ka kofi ko shayi mai kauri ya isa.

In hannunka yana ƙaiƙayi dole sai ka kashe wa keke kuɗi, daga ribar shago ba daga lefe ba, ka sayi tayoyi masu kyau masu faɗin milimita 28 ko 25, su ne canjin da zaka ji a jikinka tun ranar farko kuma 28 ta fi haƙuri da titinmu, ka canza sarƙa in ta miƙe, a sa sababbin wayoyin giya da robar birki, a duba boris. Hular kwano ta gaske in taka ta taɓa buguwa. Ka duba tsayin sirdi, in ka ɗora dunduniya akan feda tana can ƙasa ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, to ya yi. Sora babu abin da tayi maka, giya tara a baya sun ishi duk wani titi da ke jihar Kano.

Maganar Baba na bari a ƙarshe don ita tafi buƙatar natsuwa. Akan wandon nan yana da gaskiya, kar ka tsaya musu da shi. Mu da muka girma a nan mun san yadda ido yake, mutum ya fito daga lungu da matsattsen gajeren wando duk surar jikinsa a waje ya wuce majalisar dattawa, ba Baba kaɗai zai yi magana ba. Kuma gyaran a hannunka yake tunda tela ne kai, wandon mai soso a ciki kar ka bar shi don shi ke hana gogewa da ƙuraje, amma ka ɗinka wani mara nauyi da zai sauka ƙasan gwiwa ka ɗora a kai, ka tsuke ƙafar kar sarƙa ta kama, iskar da zai ja maka bata kai komai ba a matakin da kake. Da yawa cikinmu haka muke yi, wasu kuma da jallabiya suke fita daga unguwa sai an bar gari su naɗe ta. Wa ya sani ma ko abokan hawa su fara kawo maka ɗinki.

Shi kuma "wasan yara" ba da baki ake goge shi ba. Abin da Baba yake tsoro bai wuce biyu ba, kar mota ta take masa ɗa, kar kuma keke ya cinye sana'a da aure. Na farkon tsoro ne na gaskiya, nima na binne aboki saboda tirela, don haka ka riƙa gaya masa hanyar da zaka bi da lokacin dawowa, kar ka fita cikin duhu ba fitila, ka sa riga mai haske, hanyar da ake maganar rashin tsaro kuma ko kyauta ne kar ka bi. Na biyun kuwa in yaga ana sallar asuba da kai, ƙarfe tara shago a buɗe, kayan mutane suna fita akan alkawari, lefe ya cika ba'a taɓa ba, da kansa zai sassauta. Ranar da yaji ka kwashe kuɗin akwati ka sayi keke kuwa ka gama tabbatar masa da duk abin da yake faɗa, kuma har ka tsufa ana baka labarin a gidan.

Kar kuma ka je masa da zancen zaka zama ƙwararre ka tafi Turai, kai ma kar ka gaya wa kanka haka. Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci tseren ranaku uku da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki a Tour de France ta 2024 tun yana ɗan shekara 18 aka ɗauke shi zuwa cibiyar horon UCI a Suwizalan, kai kuma 27 kake da allura a hannu. Amma tsakanin nan da can akwai fili babba, akwai gasannin kulob, akwai neman shiga tawagar jiha a je gasar wasanni ta ƙasa, ka je ma'aikatar wasanni ka tambayi masu kula da keke yadda ake rajista da ranar gwaji, kuma masu shekara talatin da ɗoriya suna cin irin waɗannan lafiya lau don wayo yana ƙaruwa ko da ƙafa ta fara raguwa.

Gasa ta gaba ga aikin da na baka, ban ce ka ci ba. Kilomita 30 na farko kar iska ta taɓa fuskarka ko sau ɗaya, ko ana maka tsiya ana cewa tela ya tsorata, ka zaɓi mutum ɗaya cikin waɗanda suka saba gamawa a gaba, mai faɗin kafaɗa in da hali, ka manne a tayarsa duk inda ya shiga. In an gama ka rubuto min a kilomita nawa aka barka in an barka, a kwana ne ko a iskar gefe, kuma mutum nawa ne a gabanka lokacin. Allah ya sa ayi bikin lafiya, a gaida Baba.